Shagon da Baba ya bar wa 'yan dirama

Har yau in na bi ta gaban shagon nan na Agege sai na kau da kai. Wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. Da na yi abin da aka sa ni, da kuɗin hayarsa ne ke biya wa yaran unguwarmu man janareta da hayar benci duk ranar da za su yi wasa.

Baba fataucin goro ya yi, amma ransa na wurin wasan kwaikwayo. Yana saurayi ya je Iganmu lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC na 1977, kuma labarin bai fita bakinsa ba har ya koma ga Allah. Yakan ce Yarbawa sun riƙe nasu tun zamanin Hubert Ogunde, jagoran wasan kwaikwayonsu, mu kuwa muna zaune a Legas muna jiran a aiko mana da kaset daga Kano. Shi ya sa ƙungiyar dirama ta unguwa ta zame masa tamkar 'ya'ya. Labulen da suke ratayawa a filin makaranta ma shi ya saya, yadin atamfa aka harhaɗa.

Wata rana bayan La'asar ya kira ni ya ce, "Shagon kan kwanar nan na ba yaran nan. Ka kai musu makulli, ka sa a rubuta." Na ce, "To Baba, bari a wuce Sallah." Wai ni mai wayo: mai haya ya kusa biyan na shekara, gara a karɓa tukuna. Aka karɓa, kuɗin ya shiga hannun Baba kamar kullum. Sallah ta wuce, ban kai ba. Sai ciwo ya zo.

Ranar rabon gado na kawo maganar. Malamin ya dube ni ya ce, "An yi hauzi?" Wallahi ban taɓa jin kalmar ba. Ya yi mini bayani cewa a mazhabar Malikiyya kyauta ko wakafi ba ya tabbata sai abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba, tun yana raye, kafin ciwon ajali. Na ce to a ɗauke shi a matsayin wasiyya mana, ai bai kai sulusin dukiya ba. Ya ce, "Ina shaidu?" Daga ni sai Baba sai tabarma. Abin da ya rage shi ne magada su yafe da kansu. Yayarmu mace ta yarda. Babban yaya kuwa ya ce, "In sadaka ce a haƙa masa rijiya, ba a ba masu ba da dariya ba." Na ji haushinsa a ranar, amma hakkinsa ne. Ni ne na riƙe makulli a aljihu wata da watanni.

Da na tashi rubuta wa ƙungiyar tawa wasiyyar, sai na tarar da wani ramin. Ƙungiyar ba ta da rajista, ba ta da asusun banki, kuɗinta a asusun ma'aji yake kwana. Ko da na kai makullin nan, da sunan wa za a rubuta? Sai da muka yi mata rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, aka buga sanarwa a jaridu biyu, aka jira kwana 28 ko wani zai yi jayayya. Wannan bai ba mu wahala ba kamar gardamar wa zai zama amintacce, don kowa gani yake shi ya kafa ƙungiyar.

Lauya ya hana ni rubuta adadin naira. Ya ce in tuna yadda man janareta ya koma bayan cire tallafi a 2023. Kaso na rubuta, a cikin sulusi, tare da faɗa ɓaro-ɓaro cewa saura a raba bisa shari'ar Musulunci, domin kotun Legas abin da ke kan takarda za ta duba. Shaidu biyu suka sa hannu a zama ɗaya, babu mai cin moriyar wasiyyar a cikinsu, aka kai ajiya sashen wasiyyoyi na Babbar Kotu. Na ƙara sharaɗi guda: in ƙungiyar ta watse, a ba wata mai yin wasa da Hausa a Legas.

Amma abin Baba ya sa ban ƙara yarda da jiran mutuwa ba. Lasifika biyu da janareta na saya, na ɗora a Keke Napep da kaina, na sauke a gaban limami da mai unguwa, na ce 'yan ƙungiyar su ɗauka su kulle a ɗakinsu a ranar. Matata ta yi ta dariya, wai ina sauri kamar wanda ake kora. Bankina kuma yana tura musu wani abu kowane ƙarshen wata, ko na tuna ko na manta, tunda na san halina.

Shugaban ƙungiyar bai san da zancen shago ba sai bara, bayan wasan Babbar Sallah, muna kwashe benci na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Sannan ya ce in kama masa ɗaya gefen bencin, mai mota na jira.