Shaguna Shida a Bakin Filin Wasa

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ni gida, ya zauna a gefen tabarma ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, ina so ka ga wannan kafin in yi wa Umma maganar." Hoto ne da aka zana da kwamfuta, na wani katafaren filin wasa a tsakiyar gari, fitilu sun haske ko'ina, jama'a na kai da komo a gaban shaguna masu gilashi. Wani mai neman kujera ne ya yi alkawarin gina shi, kuma tun ba a aza bulo ko ɗaya ba dillalai sun fara yawo da takardun filayen da ke kewaye. Yaron yana so ya sayar da fulotin da mahaifinsa ya bar masa, ya haɗa da abin da ya tara a sana'ar gyaran waya, ya sayi wuri ya yi shaguna. Ya ce filin zai farfaɗo da tsakiyar gari kamar yadda aka yi a Amurka. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa jikina ya yi sanyi, domin ni na fara furta ta a zuri'armu, a gaban mahaifiyarsa, tun ba a haife shi ba.

A 1993 na je Amurka karatun tsara birane, na zauna a Baltimore ta jihar Maryland. Shekara guda ke nan da buɗe filin wasan besbol na Camden Yards a ƙwaryar birnin, kusa da bakin ruwa, kuma babu abin da ake magana a kai a ajinmu kamar shi. An gina shi da jan bulo don ya dace da tsofaffin gine-ginen unguwar, an bar wani dogon sito na kamfanin jirgin ƙasa a jikinsa maimakon a rushe, kuma jihar ce ta ɗauki nauyin ginin da kuɗin da take samu daga cacar gwamnati. Ranar da wani abokin karatu ya kai ni, na ga mutum fiye da 40,000 sun cika tituna da ƙafa, gidajen abinci babu masaka tsinke, sai na ce a raina ai ga maganin mutuwar tsakiyar gari. Ba ni kaɗai na ce haka ba. Cleveland ta buɗe nata a 1994 da harajin da ta ɗora wa taba da giya, Denver ta bi baya a 1995, magadan gari da manyan 'yan jarida duk suna tafi. Idan mutum ɗan shekara talatin ya gaskata abin da masu furfura da digiri suka gaskata, ban ga yadda za a ce ya yi wauta ba.

Amma akwai abin da idona ya gani na ƙi lissafa shi. Idan ka bar filin ka miƙa yamma da ƙafa, ba ka yi nisa ba za ka fara cin karo da jerin gidajen da aka toshe tagoginsu da katako, babu kowa a ciki. Na bi ta nan sau da yawa a bas. Mutanen Baltimore sun kai kusan 736,000 a ƙidayar 1990, zuwa 2000 sun koma kusan 651,000, wato a daidai shekarun da ake yabon filin birnin yana zubar da mazaunansa. 'Yan kallon da suka burge ni yawancinsu daga unguwannin bayan gari suke zuwa a mota, su yi awa uku ko huɗu su koma inda suka fito.

Na dawo gida a 1996. Shekara guda bayan haka wasu masana tattalin arziki biyu, Roger Noll da Andrew Zimbalist, suka fitar da wani babban nazari a ƙarƙashin cibiyar Brookings, inda aka bi filaye da birane da dama ba a samu wanda ya ƙara wa garinsa arzikin a zo a gani ba. Abokin nan nawa ya aiko mini da wasu shafuka ta gidan waya. Hujjarsu mai sauƙi ce: aljihun magidanci ɗaya ne, kuɗin da ya kashe a bakin filin wasa ranar Asabar shi ne wanda da zai kashe a wurin mai nama ko mai shagon unguwarsu, saboda haka kuɗin wuri kawai ya sauya, bai ƙaru ba. Ayyukan da filin ke samarwa kuma na 'yan sa'o'i ne, masu ƙaramin albashi. Na karanta, na fahimta sarai, na sa a durowa na rufe. Na gaya wa kaina cewa wannan lissafin Amurka ne, inda kowa ke da wuraren shaƙatawa goma, mu da ba mu da ko ɗaya lamarinmu daban ne. Da aka nuna mini nasarar Amurka na ce irin tamu ce, da aka nuna mini asararta na ce ba ta shafe mu ba. Wannan shi ne laifina na gaskiya, kuma ba jahilci ba ne.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Najeriya ta karɓa a 1999. Garuruwa takwas aka zaɓa, uku a Arewa, wato Kano da Kaduna da Bauchi, kuma namu yana ciki. An riga an taɓa ƙwace mana gasar a 1995 aka mayar Katar, abin da ya isa ya nuna mini cewa dukiyar da ta rataya a kan shawarar wasu mutane a wata nahiya ba abin jingina ba ce, amma ban tsaya a kan wannan ba. Na yi rubutu a jarida ina cewa unguwar filin za ta zama sabuwar zuciyar gari. Na sayar da rabona na gonar gado. Da kuɗin bai isa ba, na je wurin ƙanwata, na shimfiɗa mata taswira, na yi mata bayanin Baltimore, ita kuwa ta ce, "Yaya, kai ka yi karatun, duk yadda ka gani." Ta sayar da nata rabon ta ba ni. Na gina shaguna shida da gidan abinci a jikin hanyar da ke fuskantar babbar ƙofa.

Gasar ta fara ranar 3 ga Afrilu ta ƙare ranar 24, mako uku cif, kuma abin da ya faɗo garinmu 'yan wasanni ne ƙalilan. Ranar wasa jami'an tsaro sukan tare hanyar tun da hantsi, mota ba ta wucewa, baƙin da na yi wa tanadi kuwa daga otal ake ɗauko su a bas a shige da su ta ƙofa, a fito da su a mayar. Ban zargi kowa ba, aikinsu suka yi. Ni da na karanta tsara birane ya kamata in san haka za a yi.

Abin da ya kashe ni shi ne bayan gasar. Ƙungiyar da ke gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 20 wasa 19 take bugawa a gida a kaka guda. Cire 19 daga 365, saura kwana 346 da ƙofar ke rufe. Ƙungiyar besbol a Amurka wasa 81 take yi a gida, kuma ko da hakan masana sun ce bai isa ya rayar da unguwa ba, ina ga mai 19. Sauran kwanakin abin da ke gaban shagunana doguwar katanga ce da fegin ajiye motoci, babu gida, babu ofis, babu makaranta, babu dalilin da zai sa mace ta biyo nan da cefane ko ɗan kasuwa ya tsaya. Da magariba wurin ya yi duhu, mai tafiya a ƙafa ya gwammace ya zaga. Ranar wasan ma ɗan kallonmu kuɗin tikiti da na ruwa da na komawa gida yake riƙowa, idan an ci ya fita da murna a guje, idan an sha kashi a gida kuwa mai shago rufewa yake don tsoron jifa. Waɗanda suka ci riba su ne mai rake da mai gyaɗa da 'yan acaba, domin ba su biyan haya, taro ya watse su ma su watse. 'Yan hayata suka fita ɗaya bayan ɗaya, gidan abincin bai yi shekara biyu ba, a 2004 na sayar da komai a ƙasa da abin da na kashe.

Wani lokaci nakan ce ai wurin bai yi ƙarya ba, domin wanda ya saya yau yana karɓar haya mai kyau. Haka ne. Amma na sani, kuma kowa a unguwar ya sani, cewa tashar mota da aka dawo da ita kusa ce ta kawo masa mutane, ba ƙwallo ba. Ƙanwata ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, har lokacin da mijinta ya rasu ta shiga ɗinki don biyan kuɗin makarantar yaran, kuma wannan shirun nata ya fi mini nauyi a kan duk faɗan da za ta yi. Na biya ta wani abu daga baya, amma gonar da ta sayar yau gari ya cim mata, abin da na mayar bai kai kusurwarta ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, 'ya'yana, har na rubuta su a takarda, amma da na sake dubawa sai na ga yawancinsu ado ne. Ga ukun da suka rage.

Ku ƙirga kwanaki. Kada ka je duba wuri ranar wasa, ka je ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ka zauna awa biyu ka ƙirga ƙafafun da suka wuce, domin su ne kasuwarka. Abin da ya sa Kantin Kwari ke cike ba fitila ba ce, dalili ne da ke kawo mutum kullum, daga Agadas ko Maiduguri, da kuɗi a jaka da niyyar saye. Inda filin wasa ya yi wa unguwa amfani, kamar zauren da aka buɗe a tsakiyar Washington a 1997, za ka tarar ana ƙwallon kwando da wasan ƙanƙara da taron mawaƙa a cikinsa kusan duk mako, yana kan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma mai ƙungiyar ne ya zuba yawancin kuɗin ginin. A Denver ma gyaran tsohuwar unguwar ya kankama kafin filin ya zo. Amma ku ba ku da haƙurin zama awa biyu ba tare da kun sunkuya kan waya ba, kuma hoton da aka zana da kwamfuta ya fi muku abin da ido zai gani a titi.

Ku tambayi wanda zai biya da wanda zai riƙe. Birnin St. Louis ya gina rufaffen fili a 1995, ƙungiyar ta tattara ta koma Los Angeles a 2016, jama'a suka ci gaba da biyan bashin ginin da babu ƙungiya a ciki. Montreal sai a 2006 ta gama biyan bashin filin gasar Olamfik ta 1976. Ba sai mun je nesa ba: filin Surulere a Legas, inda muka ɗauki kofin Afirka a 1980, ya yi shekaru ciyawa na cin sa bayan an buɗe na Abuja a 2003. Abin da ke ba ni haushi shi ne yaran da ke ta ihu a Facebook a gina fili, yawancinsu ba su taɓa yankar tikitin ƙungiyar garinsu ba, a gidan kallo suke kwana kan wasannin Ingila da Sifaniya. To wa zai cika kujerun?

Kada ku taɓa gado, kuma kada ku taɓa kuɗin 'yar'uwa, a kan alkawarin lokacin zaɓe. Wannan ba ni da wani bayani a kansa.

Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, ƙasa ba ta ruɓewa, kuma da na daure ban sayar a 2004 ba, da yau wani labarin nake bayarwa. Wanda ke da kuɗin da ba ya bukata, ya sayi wurin ya kewaye ya bar shi, mai yiwuwa ya dace. Na san wannan ya ci karo da abin da na faɗa yanzu, kuma na san tsoron da asara ta dasa mini ya hana ni wasu cinikayya masu kyau daga baya, saboda haka ba kowane gargaɗin dattijo ne hikima ba. Ban kuma ce kada a gina filin wasa ba. Na ga yadda gari ke zama tsintsiya ɗaya ranar da ƙungiyarsa ta ci, kuma wannan abu ne mai daraja da ya cancanci a kashe masa kuɗi. A gina shi don wannan, a faɗa wa mutane gaskiya cewa kuɗi zai ci ba zai kawo ba, kada a sa marayu su sayar da fuloti.

Duk wannan na faɗa wa yaron, har da labarin gonar mahaifiyarsa da bai taɓa ji ba. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, ai zamaninku daban ne, yanzu akwai intanet." Na rasa abin da ya haɗa intanet da katangar da ke rufe kwana 346, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, ya yi sallama ya tafi. Jiya da daddare mahaifiyarsa ta kira ni ta ce dillalin ya ba shi mako biyu ya kawo kafin alƙalami, ta roƙe ni in raka shi ya ga wurin tun bai sa hannu ba. Na ce mata ta gaya masa ya rufe shago ranar Talata, ya same ni da ƙarfe goma da rabi, ya kuma taho da biro da takarda.