Golden Sun: aljanu 28 da surutu ba iyaka

Golden Sun wasa ne na Game Boy Advance, ƙaramar na'urar wasa ta hannu, wanda kamfanin Camelot ya ƙirƙira, Nintendo ya fitar a 2001. Na buga shi har ƙarshe a kan ainihin na'urar, mai allon nan marar haske da sai ka raɓa bakin taga kafin ka ga abin da kake yi. Labarin bai da wani sabon abu: Isaac, yaro daga ƙauyen Vale, da abokansa Garet, Ivan da Mia suna bin sawun abokan gabarsu Saturos da Menardi don hana su kunna hasumiyoyi huɗu.

Abin da ya kama ni shi ne sihirin bai tsaya a fagen faɗa ba. Ka tarar da ɗan kududdufi, ka daskarar da shi ya zama ginshiƙin ƙanƙara, ka taka ka haye. Ivan kuwa yana karanta zuciyar mutane, sai ka ji abin da mutum ya faɗa daban, abin da ke ransa daban. A hamadar Lamakan zafi na cin ka a tafiya, ruwa kuma a ɓoye yake sai ka tono shi da sihiri.

Sai aljanu, ƙananan halittun da kake tarawa a wasan, su 28, bakwai-bakwai na ƙasa, wuta, iska da ruwa. In aljani na jikinka, ƙarfinka na ƙaruwa. In ka sake shi ya kai hari, ƙarfin ya ragu, amma ya shiga sahun waɗanda za ka haɗa ka kira babban dodo ya taya ka faɗa. Kullum cikin lissafi kake. A nan na koyi cewa cakuɗa su tsakanin jarumai na buɗe sihirin da mai barin kowa da nasa ba zai taɓa gani ba. Na kuma gano lagon wasan: ka shiga faɗa da aljanunka duk a sake, ka kira dodanni a jere, yawancin manyan abokan gaba ba sa kai labari. Daga nan daɗin ya ragu, sai na hana kaina wannan dabara.

Surutu kam, Allah ya sawwaƙe. Magana ɗaya mutum huɗu za su maimaita, a tambaye ka e ko a'a, kuma kusan duk wadda ka zaɓa hanya ɗaya ce. A faɗa ma, in jarumanka biyu suka nufi abokin gaba ɗaya na farko ya kashe shi, na biyun sai ya tsaya kare kansa maimakon ya juya kan na gaba.

Kuma labarin a tsakiya ya yanke. Ci gabansa na cikin The Lost Age, wanda ya fito a Japan a 2002. In kana son kwashe duk kayanka zuwa can ba tare da wayar haɗi ba, sai ka kwafe kalmar sirri mai haruffa 260, harafi ɗaya ya kuskure ka koma nema.