Feshin Siramik a Kan Bonet: Inda Gwajina Ya Kai

'Yan uwa masu koyon gyaran fenti, ga inda aka kwana a gwajin da nake yi na feshin siramik iri biyu, wato siririn rufin da ake fesa wa fentin mota don ya yi sheƙi ya kuma kori ruwa. A farkon hunturu na raba bonet ɗin motata gida biyu da tef. A dama na sa irin feshin da ake yi a busasshen fenti a goge da tawul mai laushi, a hana shi ruwa na awa 24. A hagu kuwa irin wanda ake fesawa a jiƙaƙƙiyar mota a ɗauraye nan take. Wanda bai san su ba, Turtle Wax Hybrid Solutions Ceramic Spray Coating misali ne na farkon, Gyeon WetCoat na biyun. Dukansu suna ɗauke da sinadarin SiO2, wato silika, sai dai kaɗan ne a ciki idan aka kwatanta da siramik na ainihi, na ƙaramar kwalbar nan mai mililita 30 da ke yin shekaru.

A sheƙi dai ido bai raba su ba. Wajen daɗewa ne dama ta yi gaba. Yanzu in na watsa ruwa, a dama ya kan dunƙule ƙanana-ƙanana ya gangara, a hagu kuwa ya fara kwanciya, musamman kusa da gilas. Amma hagun ba ta ci mini lokaci ba, kuma ana iya sabunta ta a duk wanki. Mai haƙuri ya ɗauki na busasshe, mai sauri ya ɗauki na jiƙa ya riƙa maimaitawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba kwalaben ba ne, ruwan burtsatse ne. Ɗigon nan masu kyau da muke ɗaukar hotonsu a waya, idan rana ta busar da su a kan baƙin fenti, kowanne sai ya bar farin zobe na kalsiyam, kuma a ɓangaren da ya fi dunƙule ruwa zoben suka fi yawa. Don haka a inuwa nake wanki yanzu, da sassafe, in tsane motar kafin ta bushe da kanta.

Sai garin sabulun wanki. Wani wurin wankin mota ya zuba mata shi, santsin da nake ji a bayan hannu ya ragu a dukkan ɓangarorin. Wata 12 da ake rubutawa a wasu kwalabe ba da irin wannan wanki aka auna ba. Ku nemi shamfun mota mai matsakaicin pH, wato marar kaifin sinadari. Ku kuma hana yaran gida share ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin wannan siririn rufi ba ya tare karce.

Saura kashin tsuntsu da abin da darbejiya ke zubarwa. Na bar tef ɗin a wurinsa har damina ta sauka, lokacin zan gwada su.