Memorin Jabu da Hotunan Ɗaurin Auren Ƙanwata

Kyamarar da nake amfani da ita Canon PowerShot A1400 ce, irin ƙananan nan masu shiga aljihun riga, wadda kamfanin ya fitar a shekarar 2013. Ana yawan tambayata dalilin da ya sa har yanzu nake rataye da ita alhali kowa ya koma ɗaukar hoto da waya, kuma amsata ba ta canzawa: tana jawo abu kusa har ninki 5 da gilashinta ba tare da hoton ya dagule ba, tana da 'yar tagar leƙe da ke taimakon mutum idan hasken rana ya hana shi ganin fuskar kyamarar, sannan batir biyu na AA take ci, waɗanda ake samu a kowane shago ko da an daɗe ba a kawo wuta ba. Saboda ita dangi suka mayar da ni mai hoton gida, duk wani suna ko walima ko biki ni ake nema.

Matsalolin da irin wannan kyamara ta saba bayarwa na san su, kuma na san maganinsu. Batir mai arha na rediyo da tocila ba ya riƙe ta, domin tana jan wuta da ƙarfi a lokacin da take cika filasha ko take turo idonta, wato gilashin ɗaukar hoto, waje, sai ka ga ta mutu bayan 'yan hotuna, idon yana waje ya ƙi komawa. Tun da na koma batir na caji irin NiMH, mai ƙarfin 2000 mAh ko kusa da haka, na huta da wannan. Ƙurar hunturu kuma takan shige tsakanin zobban da idon yake fitowa ta cikinsu, ka kunna ka ji tana ƙara, sai ta rubuta cewa ido ya sami matsala, ta kashe kanta. Abin da nake yi shi ne in sa sabon batir, in kifa ta idonta yana kallon ƙasa, in hura gefen zobban da 'yar robar hura iska, in ɗan bubbuga ta a tafin hannu, sannan in kunna. Ba na taɓa tura idon da yatsa, saboda haƙoran da ke juya shi na roba ne, idan ɗaya ya karye gyaran ya fi ƙarfin kuɗin kyamarar. Duk waɗannan matsaloli ne masu sanar da kansu: kyamara ta tsaya, ka san akwai damuwa, ka nemi mafita tun kana wurin taro. Wadda ta cutar da ni ba ta nuna alama ko ɗaya ba.

Bikin ƙanwata ya faɗo a tsakiyar hunturu, na kuwa shirya masa yadda ya kamata. Na caja batura, na tanadi leda mai zif ta ajiye kyamara, na kuma ga cewa tsohon memorina mai gigabait 4 ba zai ɗauki hidimar kwanaki ba, tunda kyamarar mai megafiksel 16 ce, hoto ɗaya yakan kai wajen megabait 4, ga kuma bidiyo da mata suka ce lallai sai an ɗauka. Na je wata rumfa a kasuwar waya na sayi sabo mai gigabait 32, irin ƙaramin nan na waya da ake sakawa cikin adafta, a cikin kwalinsa a liƙe, da sunan wani sanannen kamfani a jiki. Na saka shi, na yi masa fomat, wato share memori a tsara shi don aiki, a cikin kyamarar kamar yadda ake so, ta karɓe shi ba gardama, ta nuna cewa akwai wurin dubban hotuna. Na ɗauki na gwaji, na duba, suna nan lafiya ƙalau. Duk wanda ya san kyamara zai ce an gama abin da ake yi wa sabon memori.

Ranar kamu da ranar sa lalle na ɗauki hotuna masu yawa da bidiyo masu tsawo. Ranar ɗaurin aure kuwa tun da safe nake tsaye, daga ƙofar masallaci zuwa zauren da aka yi gaisuwa, zuwa cikin gida inda iyaye suka yi wa amarya nasiha, har kai amarya da daddare. Don batir ya kai ni, na kashe fuskar kyamarar ina amfani da tagar leƙe. Duk hoton da na ɗauka yakan bayyana na ɗan lokaci kamar kullum kafin ya ɓace, idan na kunna fuskar nakan ga lissafin sauran hotuna yana raguwa, 'yar fitilar da ke nuna ana rubutu a memori tana ƙiftawa tana tsayawa. Babu saƙon kuskure, babu jinkiri, babu komai.

Sai da aka watse na zauna da kwamfuta. Foldar DCIM, inda kyamara ke ajiye hotuna, ta buɗe, sunayen hotuna suna nan a jere da lambobinsu, kowanne da nauyinsa daidai da na ɗan uwansa. Na kamu suka buɗe, na lalle suka buɗe har kusan ƙarshe, daga nan sai wani hoto ya fito rabi, samansa fuskokin ƙawaye, ƙasansa toka-toka babu komai. Daga wannan hoton har zuwa na ƙarshe babu wanda ya buɗe. Na mayar da memorin cikin kyamara, ita ma ta nuna alamar tambaya, ta rubuta da Turanci cewa ba ta gane hoton ba. A daidai lokacin ƙanwar tawa ta kira ni daga ɗakinta, ta ce, "Yaya, don Allah wanda muka ɗauka da Baba da Inna nake so ka fara turo min, shi zan sa a bango." Na ce mata ta ba ni lokaci, ina kan aikin. Har yau idan na tuna wannan kiran raina yakan ɓaci.

Na fara zargin adafta, na sauya wata. Na zargi na'urar karanta memori, na haɗa kyamarar da kwamfuta kai tsaye da wayar USB. Na tura 'yar maɓallin kulle da ke gefen adaftar don kada wani abu ya ƙara rubutuwa a ciki, domin wannan shi ne matakin farko ga duk wanda hotunansa suka salwanta: a daina amfani da memorin, kada a yi masa fomat ko da kwamfuta ta nemi a yi. Daga nan na sa manhajar PhotoRec, wadda kyauta ce kuma ta taɓa dawo min da hotunan da yara suka goge. Ta bi memorin tun daga farko har ƙarshe, ta fito min da na kamu da na lalle, waɗanda dama ina da su, har da na gwajin da na goge, amma na ɗaurin aure ko ɗaya.

Wani mai gyaran kwamfuta da muka saba da shi ne ya warware min. Ya buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka ƙi buɗewa da wata manhaja mai nuna ainihin abin da ke ciki, ya juyo min da fuskar kwamfutar, sai layuka na sifili tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malam, waɗannan hotunan ba ɓacewa suka yi ba, ba a taɓa rubuta su ba. Memorin nan jabu ne." Yadda abin yake shi ne, masu haɗa irinsa sukan ɗauki memori marar yawan wuri su sauya bayanin da yake bayarwa game da girmansa, ya riƙa gaya wa kyamara da kwamfuta cewa shi gigabait 32 ne. Jadawalin da ke riƙe da sunayen hotuna da nauyinsu a farkon memorin yake, a ɓangaren da ke aiki da gaske, shi ya sa sunaye ke fitowa cif. Amma da zarar wurin gaske ya cika, abin da aka aiko daga baya ko dai ya tafi a banza, ko kuma a wasu irin ya zagayo ya hau kan tsofaffin hotuna ya lalata su. Ya kwatanta min shi da mai ajiya da ke rubuta kowane buhu a littafi yana ba da rasit, alhali rumbun ya cika tuni, sauran yana jefa su bayan katanga. Hoton da nake gani na ɗan lokaci bayan kowace ɗauka kuwa daga ƙwaƙwalwar kyamarar yake fitowa, ba daga memorin ba, don haka ganinsa ba shaida ba ce cewa an ajiye shi.

Wannan bayani ne ya fi yi min ciwo, domin ya nuna cewa duk gwajin da aka saba yi wa sabon memori ba ya kama irin wannan ha'inci. Fomat ba ya kamawa, domin fomat na sauri jadawalin kawai yake gyarawa. Hotunan gwaji ba sa kamawa, domin a farkon memorin suke sauka. Kwali da tambari da kyallin takarda ba sa kamawa, domin su ne suka fi sauƙin kwaikwayo. Abin da ke kamawa shi ne a cika memorin tun daga farko har ƙarshe, sannan a karanta abin da aka rubuta a gwada da na asali. Aikin da 'yar manhajar H2testw take yi ke nan a kwamfuta mai Windows, masu Linux da Mac kuma suna da F3. Bayan na kwashe abin da ya rage, muka sa wa memorin H2testw. Ta rubuta, ta karanta, ta ba da sakamako: abin da ke aiki bai kai gigabait 4 ba, sauran duka babu. Wato na ajiye tsohon memorina na gaske a gida na tafi biki da wanda bai fi shi da komai ba, illa dai shi tsohon da ya cika zai faɗa, kyamara ta tsaya, in kwashe in ci gaba.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a yi wannan gwaji. Yana ɗaukar lokaci, yakan kai awa ɗaya ko fiye ga memori mai gigabait 32, gwargwadon saurinsa da saurin na'urar karantawa, kuma a kan memori marar komai ake yi. Haka nan memori na gaske mai gigabait 32 yakan nuna 29 da ɗoriya a kwamfuta, saboda bambancin yadda kamfanoni da kwamfuta suke lissafi, wannan ba alamar jabu ba ce. Wanda kyamararsa ta tsufa sosai kuma kada ya rikita wannan da wata matsala daban: kyamarorin da suka riga zuwan nau'in memori na SDHC a 2006 galibi ba sa karanta abin da ya wuce gigabait 2, waɗanda suka riga zuwan nau'in SDXC a 2009 kuma ba sa karanta mai 64 zuwa sama. A irin wannan hali kyamara takan ƙi memorin tun farko, ka san inda ka tsaya. Jabu shi ne wanda take karɓa hannu bibbiyu.

Na koma wurin mai rumfar da memorin da kuma sakamakon a waya. Bai yi musu ba. Ya ce, "Wallahi Alhaji haka muka saro shi, mu ma ba mu da yadda za mu gane," ya miƙo min wani daga kwalin da ya ciro na farko, ya ce in ɗauka a madadinsa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin kayan kan bi hannaye da yawa kafin su iso rumfa, amma na ƙi karɓa, na ce masa ya gwada sauran kafin ya sayar wa wani. Kuɗin memorin ba shi ne damuwata ba. Ɗaurin aure ba a maimaita shi, kuma dattawan da suka taso daga garuruwa daban-daban suka tsaya a sahu ɗaya don in ɗauke su, ba lallai ne a sake haɗa su haka ba.

Abin da ya rage shi ne in bi 'yan uwa da abokan ango ina roƙon abin da suka ɗauka da wayoyinsu. An samu wasu, amma yawanci an riga an tura su ta WhatsApp sun matse, idan aka wanke su babba sai fuska ta dagule. Sai da na riƙa bin mutum ɗaya-ɗaya ina nuna masa yadda zai turo hoton a matsayin takarda, wato Document, domin ta haka ne yake zuwa da nauyinsa na asali. A cikin wayar wata gwaggonmu aka sami hoton amarya da Baba da Inna, an ɗauke shi daga gefe, a karkace, hasken taga ya cinye rabin fuskar Baba. Shi aka gyara aka wanke mata.

Yanzu duk memorin da ya shigo hannuna, ko daga wane shago ya fito, ko wane suna ke jikinsa, ba ya shiga kyamarata sai ya gama gwajin H2testw, bayan haka in yi masa fomat a cikin kyamarar. Na daina sayen ƙaramin memori mai adafta, na koma cikakken SD, babban nan mai shiga kyamara ba adafta, kuma na fi son guda biyu ko uku masu gigabait 8 ko 16 a kan babba guda ɗaya, in raba musu ranakun hidima. A wurin taro, duk lokacin da aka sami sarari nakan danna maɓallin duba hotuna in buɗe na ƙarshe in jawo shi kusa, domin a wannan hali daga memorin take karantawa. Ɗan batirin da hakan zai ci na yarda da shi, na ƙara guda biyu a aljihu. Kowane dare kuma ina kwashe na ranar zuwa kwamfuta, in buɗe na ƙarshe-ƙarshe in tabbatar, kafin in kwanta. Makonni bayan bikin wani maƙwabcina ya kawo min nasa sabon memorin mai gigabait 64 da ya saya don tafiya Umara, muka sa masa gwajin, ya tsaya a ƙasa da gigabait 8, ya mayar da shi washegari tun bai ɗauki hoto ko ɗaya a kai ba.