Daren da na saka Malam cikin randa

Azumin bana shi ne na huɗu da nake ɗaukar tafsirin masallacin unguwarmu a nan Argungu. Ba wai na fi kowa sanin harkar ba ne. Cikin matasan da ke zama kusa da na'urar lasifika ni kaɗai ke da kwamfutar tafi-da-gidanka, shi ke nan aiki ya faɗo kaina. Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: waya guda da nake jawowa daga na'urar zuwa kwamfuta, sai manhajar Audacity, wadda kyauta ake sauke ta.

Ɗaukar sauti ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ka danna jan maɓalli in Alaramma ya yi basmala, ka tsayar in an shafa. Inda na sha wuya shi ne bayan kowa ya watse, in na danna Export, wani ɗan akwati ya buɗe yana tambayata wane irin fayil nake so, da wasu lambobi da a lokacin ban san kansu ba.

Daren farko na zaɓi WAV, don na taɓa jin an ce shi ne mafi kyau. Karatun minti 70 ne. Na tura shi zauren WhatsApp na masallaci a matsayin takarda, na kwanta. Har aka tashi sahur bai gama tafiya ba. Da hantsi na shiga gaida Inna, ko amsa gaisuwar ba ta gama ba ta miƙo mini wayarta.

"Kai ɗan nan, mi ka turo muna jiya? Wanga abu ya cinye mani datar da ƙanenka ya sa mani, kuma ko bismilla ban ji ba."

Na duba. MB 740.

Sai daga baya na zauna na yi lissafin. Sauti irin na faifan CD, kwamfuta na auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo na cin bit 16, kuma layi biyu ne, na kunnen dama da na hagu. In ka ninka su za ka samu kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan MB 10 duk minti ɗaya. Shi WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, haka yake zuba wannan duka cikin fayil, ba ya rage komai. Shirun da Malam ke yi yana buɗa shafi ma nauyinsa ɗaya da karatun. Wanda ya ce mini WAV ne mafi kyau bai yi ƙarya ba, bai dai tambaye ni wa zai saurara ba.

Masu sauraronmu kuwa na san su ɗaya bayan ɗaya. Matan aure da ba su samun fitowa, tsofaffi masu ƙaramar waya mai tocila, da irin su Baffana da ke wuni a fadama wajen injin ban-ruwa, da 'yar rediyonsa mai cin mimori rataye a reshen bishiya.

Dare na biyu sai na yi abin da Bahaushe ke cewa gudun gara, faɗa gidan zago. Na zaɓi MP3, na gangara can kusa da ƙasan jerin lambobin na ɗauki 32 kbps, wato kilobit 32 a daƙiƙa. Fayil ya fito bai kai MB 17 ba. Kafin in naɗe wayoyi har ya shiga zaure, mutane na ta sa albarka. Kwana uku ina wannan ina jin kaina gwani.

Ran na huɗu bayan la'asar Alaramma mai jan baƙi ya kira ni gefe. Mutum ne marar hayaniya. Ya kunna karatunsa a waya, ya kara mini a kunne.

"Saurara da kyau. Nan sodi na karanta ko sin?"

Na saurara, na sake saurara. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban iya rabewa."

Ya ce, "To ni ma da na karanta ban iya rabewa. Kuma akwai yaran da ke bin wanga karatu suna gyara haddarsu. Shi ko Malam, ji shi, kamar shina magana cikin randa."

Kunya ta rufe ni. Maganarsa kuma gaskiya ce, kuma tana da dalili. MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa har ya zama ma'auni a 1993, dabararsa ita ce zubar da abin da ake ganin kunnen mutum ba zai lura da rashinsa ba. In ƙara mai ƙarfi ta zo tare da wata 'yar siririya kusa da ita, kunne ba ya jin siririyar, don haka sai a yar da ita. Lambar nan ta kbps ita ce ke gaya masa iyakar wurin da aka ba shi a kowace daƙiƙa. In wurin da yalwa, abin da zai zubar ba ka ma sanin an taɓa shi. In ka matse shi, sai ya fara yankan nama. Kuma daga sama yake farawa, daga siraran sautuka, inda s da sh da ts suke zaune. Mai sauraron labarai zai iya cike giɓin da hankalinsa, ya san "sarki" aka ce ko da s ɗin ta dushe. Mai koyon fitar da haruffan Alƙur'ani ba shi da wannan damar. Ga kuma fankokin masallaci guda shida da ke ta kaɗawa, su ma suna cin nasu rabon daga ɗan wurin da na bayar.

A daren muka yi gwaji, ni da shi, a kan tabarma bayan an rufe ƙofa. Na yanko minti ɗaya daga karatunsa na fitar da shi sau biyar: 32, 48, 64, 96 da 128. Na kuma gyara wani kuskure da ban san ina yi ba. Makirfo ɗaya muke ɗauka da shi, ta waya ɗaya, amma ina fitarwa a sitiriyo, wato abu ɗaya a layi biyu. A WAV wannan ninka nauyi ne kawai a banza. A MP3 mai ƙaramar lamba kuma, mono, wato layi ɗaya, ya fi fitowa tas. Sai na mai da su duka mono, na cakuɗa jerin don kada ya san wanne ne wanne, ya rufe ido ina kunna masa.

A 'yar rediyon ladan, 32 da 48 ya yi watsi da su nan take. Daga 64 zuwa sama ya ce duk ɗaya yake ji. Da na sa masa abin sauraro na kunne kuwa, sau uku ina juya jerin, sau uku yana zaɓo 96 a kan 64. Tsakanin 96 da 128 ne ya ce in daina wahalar da shi.

Na tsaya a 64, mono, awo 44,100. Karatun minti 70 na fitowa wajen MB 34. Inna ta yi ɗan ƙorafi cewa ya fi na shekaranjiya nauyi, na ce mata sodin Alaramma ne ya ƙara masa kiba.

Sauran abin da na sani a wajen wani yaro na koya, mai shagon tura karatu da waƙoƙi a mimori a bakin kasuwa. Bai yi zurfi a boko ba, amma ya san halin kowace rediyo da ake sayarwa a garin nan. Shi ya hana ni zaɓin da Audacity ke kira Variable, wanda lambar ke hawa da sauka gwargwadon wuyar sautin. A ƙa'ida ya fi tattali. Amma ya nuna mini wata rediyo da ke rubuta minti 40 a karatun minti 70, in ka tura gaba kuma ta yi tsalle inda ta ga dama. Ya ce, "Yaya, sa mashi Constant ka huta." Shi ya ce in riƙa fara sunan fayil da 01, 02, 03, in ba haka ba rediyo ta kai mutum dare na goma kafin na biyu. Na taɓa kawo masa zancen Opus, wanda WhatsApp ke naɗar saƙon murya da shi, na ce ai ya fi MP3 iya riƙe magana a ƙaramin wuri, haka ma M4A. Ya yi dariya ya ce in kai wa Baffana ya kunna. Ban sake tayar da maganar ba. MP3 tsoho ne, an yi waɗanda suka fi shi, amma babu na'urar da na taɓa gani ta ƙi shi. Tun da haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2017 ma, Audacity na zuwa da abin fitar da shi a ciki. Waɗanda suka riga mu sun ce a da sai ka je ka nemo wani fayil mai suna LAME ka haɗa da kanka.

Babbar asarar da na yi ba a cikin akwatin nan na yi ta ba. A shekarar farko, da zarar MP3 ya fita sai in goge aikin da ke cikin Audacity, saboda yana cika mini kwamfuta. Wani dare Malam ya yi tuntuɓen harshe a lissafin wani rabon gado, washegari ya gyara a gaban jama'a, ya kuma ce in cire wurin daga na jiya kafin ya bazu. Ba ni da komai sai MP3 ɗin. Na buɗe shi, na yanke, na sake fitarwa a 64. Na ɗauka tunda lamba ɗaya ce, abu ɗaya zai fito. Ashe duk fitarwa sabuwar zubarwa ce: ya zubar a karo na farko, ya sake zubarwa daga abin da ya rage. Wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda kwafin kwafi ke komawa. Bayan wata biyu na ji wannan karatun a wayar wani a Birnin Kebbi, an manna masa tallar shago a farko an sake matse shi, da ƙyar na gane muryar Malam.

Wani abokina ya ba ni shawarar in mai da shi 320, wai zai dawo da ƙarfinsa. Na gwada. Fayil ya ninka sau biyar, randa na nan yadda take. Mu nan ƙasar shinkafa ce, kowa ya san wadda aka cashe ita ake dafawa, amma ba wanda ke kai ta gona. Iri shanshera ake ajewa. Tun daga ranar, kafin in fitar da na mutane sai na fara fitar da WAV, mono, bit 16, in kwafe shi a faifan ajiya na waje. Duk gyaran da zai taso daga shi nake farawa. Kowane dare na cin wajen MB 370, azumi guda kusan GB 11. Bara na koma FLAC, wanda ke matse fayil ya rage kusan rabi ba tare da ya yar da komai ba, in ka buɗe shi ya dawo daidai yadda yake.

Abu biyu kuma a gurguje. In sautin ya riga ya fashe tun wajen ɗauka, irin in Malam ya ɗaga murya layin ya bugi rufi ya yi ja, babu WAV ko 320 da zai gyara shi, sai dai ka rage ƙarfin shigarwa tun farko ka bar masa sarari. Sannan 64 ɗin nan na magana ne. Da 'yan Islamiyyar ƙanwata suka yi walimar sauka na ɗauki waƙensu da shi, amshin yara ya cakuɗe ya zama kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sai da na koma 192 a sitiriyo, da yake ranar da makirfo biyu na ɗauka. Wanda kuma zai ɗora sautin a kan bidiyo, awo 48,000 zai nema a wurinka, gara ka ɗauka a haka tun farko.

Baffa bai san ko ɗaya daga cikin lambobin nan ba. Ranar Juma'a yake aiko jikansa da mimori a ƙulle cikin leda, in zuba masa na mako, ya mayar. Shi ko Alaramma har yau nasa daban nake fitar masa a 96, in tura masa shi kaɗai, don ya ce a 64 har yanzu shin ɗinsa ba ta gama fita ba. Ni dai na saurara har na gaji ban ji ba, amma ba ni na haddace ba.