Mai sanda a gaban 'yan fanfar

Tun faretin 18 ga Disamba 2015, lokacin Maradi Kolliya, bikin ranar Jamhuriyar Nijar da aka yi a Maradi, nake riƙe da hoton mutumin nan mai 'yar sanda a gaban masu busa na soja. Jiya Allah Ya haɗa ni da wani dattijo a unguwarmu, tsohon shugaban fanfar (ƙungiyar masu busan nan) da ya yi ritaya, muka sha shayi har la'asar.

Na ce, "Baba, wai sandan nan me yake faɗa musu?"

Ya miƙe ya gwada mini: ƙasa, hagu, dama, sama, bugu huɗu ke nan. Hannun dama shi ke riƙe lokaci, na hagu kuwa ke cewa a ɗaga sauti ko a sassauta. Ya ce shekaru ya yi yana busa tarompet cikin sahu kafin a ba shi sanda. Sai da ya iya karanta takardar da ta haɗa layin kowane mai busa, ga shi tarompet da kilarinet sautin da suke fitarwa yana ƙasa da abin da aka rubuta musu. Mutum talatin na busa, kunnensa zai tsinto wanda ya kauce. Wallahi jikina ya yi sanyi.

A Faransa, garin Bezanso, tun 1951 ake gasar matasan jagororin kiɗa. Mu nan masu algaita da kakakin fadar Sarkin Katsinar Maradi gado suke yi, ɗa ya koya wajen uba. Amma ilimin Baba wa zai gada? Asabar zan kai masa ƙanena, tunda ya ce a kawo shi.