Abin da na koya wajen gwada juriyar shinkafa

Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai launin ƙasa-ƙasa da ya addabi manoman shinkafa a Asiya, masana na kiransa Nilaparvata lugens. Ba ya cin ganye. A gindin kara yake laɓewa, ya soka siririn bakinsa cikin jijiyar da ke kai abinci sassan tsiro, ya yi ta zuƙa. Idan suka yi yawa, sai ka ga gona ta bushe wuri-wuri kamar wuta ta lashe ta.

A ɗakin gwaji mukan shuka iri daban-daban layi-layi a tire ɗaya, tare da wata shinkafa mai suna TN1 wadda ba ta da juriya ko kaɗan, sannan mu sako ƙwarin. Ranar da layin TN1 ya mutu, ranar muke ba sauran maki. Wani iri ƙwarin ba sa ma son sauka a kansa. Wani suna sauka amma ba sa ƙoshi, kuma kashinsu mai danƙo ne ke tona asiri: takardar da muka shimfiɗa a gindin tsiron sai ta fito da ɗan tabo kaɗan. Shinkafar da ke ɗauke da ƙwayar gado Bph14, wadda masu bincike a jami'ar Wuhan suka tantance a 2009, toshe jijiyar take yi da wani sinadari mai suna kalos, ƙwaron ya rasa abin sha.

Akwai kuma irin da ake sha amma ya jure, ya sake tofo. Shi ya fi kwanta mini a rai, domin bai tilasta wa ƙwaron sauya hali ba.

Dalilina na nan a tarihi. A 1973 cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta fitar da irin shinkafa IR26 mai ƙwayar juriya Bph1 tilo. Cikin 'yan shekaru ƙwarin suka saba da ita, ga IR36 a 1976 ta zo maye gurbi. Feshi barkatai kuma ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron, har Indonesiya ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa a 1986. Yawan takin nitrojin ma ƙara wa ƙwarin shinkafar haihuwa yake yi.

Shi ya sa yanzu idan iri ya ci maki mai kyau a tire, nakan tambayi ƙwayoyin juriya nawa aka haɗa masa, da yadda za a yi feshi da zuba taki a gonar da za a kai shi.